Sakamakon Gwajin Da Ban Kai Wa Goggo Ba

Abubuwa da yawa sun faru da ni a shekarata ta ƙarshe a jami'a waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Maganar jinin Goggo ba ta cikinsu. Wannan kam ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina. Shekara tara ke nan, na yi aure, na haihu biyu, ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a nan Dutse, amma har yau in na fara ba da labarin da baki ba na iya kai shi ƙarshe. Shi ya sa na ga gara in rubuta.

Goggo 'yar baffan mahaifina ce. Mahaifiyarta ce ta riƙe Baba bayan rasuwar tasa uwar, don haka da aka haife ni sai ya sa mini sunan tsohuwar. Dalilin ke nan da Goggo ba ta taɓa kama sunana ba, Innata take ce mini ko da faɗa za ta yi mini. Mu muna zaune a unguwar Yalwawa cikin Dutse saboda aikin gwamnatin Baba, ita kuma tana rugarsu can bayan Kiyawa, inda sai an sauka daga kwalta an hau babur. Doguwar mace ce mai ƙarfi, ta ɗan haura hamsin a lokacin, sana'arta nono da man shanu. Tun ina ƙarama ban taɓa jin an ce ta kwanta ciwo ba.

Ni kuma karatun sinadaran jikin ɗan Adam nake yi. Malamin da aka haɗa ni da shi don ya duba furojet ɗina, wato binciken kammala digiri, dattijo ne mai haƙuri, wanda ya ƙarar da shekarunsa yana nazarin kitsen da ke yawo a cikin jini. Ranar da na fara zuwa ofishinsa ya tambaye ni abin da ke faruwa in an zuba mai a ruwa. Na ce ba sa haɗuwa. Ya ce to haka kitse yake da jini, shi ya sa jiki yake zuba shi cikin wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna kafin ya saka shi a hanya. Wasu jakunkunan daga hanta suke ɗauko maiƙo da kwalastarol su kai sassan jiki, in sun yi yawa kuma su riƙa barin kaya a bangon jijiyoyi. Su ne mutane ke kira marasa kyau. Wasu kuma aikinsu su kwaso ragowar su mayar wa hanta, su ne masu kyau.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne wani furotin da ke kai-komo tsakanin jakunkunan biyu kamar ɗan dako a tasha. Yana sauke kwalastarol daga masu kyau ya ɗora wa waɗancan, ya ɗebo maiƙo daga waɗancan ya zuba wa masu kyau. In maiƙo ya yi yawa a jini sai musayar ta ƙaru, masu kyau su ƙanƙance jiki ya yi saurin kawar da su, marasa kyau kuma su koma ƙanana masu sauƙin kutsawa bangon jijiya. Ya ce ba mu da kayan auna furotin ɗin kansa, amma muna iya ganin sawunsa in muka auna maiƙo da kwalastarol iri biyun. Burinsa ya san yadda abin yake a jikin mutanen da madara da man shanu ne abincinsu na kullum. Da ya ji ina da dangi a ruga sai ya yi murmushi ya ce ai aikina ya samu.

Ƙarshen bazara muka je, ni da wata ma'aikaciyar jinya da za ta ɗebi jinin, da kula cike da ƙanƙara. Na riga na aika cewa kada kowa ya karya kumallo sai mun zo. Muka tarar da mutane sun taru a gindin wata tsamiya, amma da aka fito da allurai sai kowa ya ja da baya. Ashe tun daren jiya magana ta zagaya cewa 'yan birni sayar da jini suke yi. Na yi bayani da Hausa, na maimaita, na karanta musu takardar izini, ba wanda ya matso. Na ji hawaye na neman zubo mini, don in aka watse haka furojet ɗina ya rushe ke nan.

Goggo tana gefe tana kallona. Can sai ta yi musu magana da Fillanci, doguwa, wadda ban kama ko rabinta ba. Ta zo ta zauna a tabarma, ta naɗe hannun rigarta, ta miƙa wa ma'aikaciyar jinyar hannu, ta ce da Hausa yadda kowa zai ji, “Innata ce ta zo. In ita za ta cuce ni, to da wa zan yarda? Ku ɗiba, amma kaɗan, gobe ina da kasuwa.”

Aka yi dariya. Kafin hantsi ya ɗaga mun ɗebi jinin mutum ashirin da uku. Da yake ita ta fara, kwalbarta ce mai lamba ɗaya. Ta dama mana fura muka sha, ta rako mu har inda babura ke jira, ta riƙe bakin mayafina ta tambaye ni yaushe za ta ji abin da na gani. Na ce mata sati biyu in sha Allahu, kuma ni da kaina zan dawo in gaya mata.

A ɗakin gwaji akwai injin da ke juya jini da ƙarfi har jan ya kwanta ƙasa, ruwan ya taso sama. Ruwan jinin mai lafiya garai-garai yake, mai ɗan launin ɗorawa. Haka kwalba ashirin da biyu suka fito. Ta ɗaya kuwa fari fat ta fito, sai ka ce madara aka zuba. Na fara zaton kuskure na yi, ko kuma Goggo ta sha wani abu da safen, sai na tuna a gabana ta ce ko ruwa ba ta kai baki ba. Na sa kwalbar a firji, washegari na tarar maiƙo ya taru a samanta yadda yake taruwa a saman madarar da ta kwana. Da na auna, maiƙon ya wuce abin da na'urarmu ke iya karantawa sai da na sirka. Kwalastarol mai kyau nata ya fi na kowa ƙasa. Sukarinta kuma ya hau sosai.

Zan faɗi gaskiyar abin da na ji a lokacin, ko da yake ina jin kunyarsa. Murna na yi. Duk abin da Malam ya zana mini a takarda ga shi a hannuna cikin 'yar kwalba, sawun furotin ɗin nan ɓaro-ɓaro. Na ɗauki hotonta ta kowane gefe, na riga na hango shafin da zan sa shi. Da gudu na je na kira Malam.

Ya ɗaga kwalbar wajen hasken taga ya daɗe yana kallo, bai yi murmushi ba. Ya tambaye ni ta wane ne, na ce ta goggona. Ya ce ba man shanu kaɗai ke yin wannan ba, tunda ga sauran da suke cin abinci ɗaya da ita nasu garau. Alama dai ciwon sukari ne ya daɗe a jikinta ba magani, wataƙila kuma da gado a ciki. Ya zauna ya rubuta wasiƙa ga likita, ya sa a ambulan, ya miƙo mini.

“Ki ajiye maganar furojet tukuna,” in ji shi. “Matar nan tana buƙatar ganin likita a cikin makon nan, ba wata mai zuwa ba.”

Na karɓa na ce to, na cusa ambulan a cikin littafina. Har yau ban san inda ta shige ba.

Na sha tambayar kaina dalilin da ya hana ni zuwa. Ba wani dalili ɗaya babba ba ne, ƙanana ne suka yi ta taruwa. A makon farko na ce bari in gama auna sauran in tafi da sakamakon kowa gaba ɗaya. A na biyu ruwa ya sauka, aka ce hanyar rugar ta yi taɓo. Goggo ba ta da waya, kuma na ga ba maganar da za a ba wani saƙo ba ce. Da na gaya wa Baba da a ranar zai ɗauki mota, amma na ji tsoron ya ce me ya sa na yi shiru tun farko, kuma kullum shirun ƙara tsawo yake. Akwai kuma abin da ban yarda na faɗa wa kaina ba sai daga baya: tsoron idon mutanen rugar nake yi. Matar da ta fara miƙa hannu, ita ce zan koma in ce ba ta da lafiya. Na san za a ce allurarmu ce ta sa mata. Sai na riƙa lallashin zuciyata da cewa ai Goggo da ƙarfinta, mace mai ɗaukar ƙwarya uku ta yi tafiyar ƙasa, kwana kaɗan ba za su yi mata komai ba.

Bayan kamar kwana goma Malam ya tare ni a baranda ya tambaye ni yaya jikin goggona. Ban yi shirin ƙarya ba, fitowa kawai ta yi. Na ce na kai mata takardar, za a kai ta asibiti. Ya ce alhamdu lillahi, ya wuce. Daga ranar nan abin ya ƙara nauyi, don yanzu ban da Goggo har da shi nake ɓoye wa.

Allah ya sake ba ni dama, kuma ita ce ta fi ci mini rai. Matar yayana ta haihu, ranar suna Goggo ta zo Yalwawa da ƙwaryar man shanu don mai jego. Gida cike da mata, ana ta rabon abinci. Na hango Goggo a cikinsu. Ta rame, zanenta ya yi mata yawa. A ɗan zaman da ta yi kusa da randa na ga ta sha ruwa moɗa uku. A gwiwar hannunta kuma akwai wasu ƙuraje masu launin ɗorawa, waɗanda na san hotonsu sarai a littafi, maiƙo ne ke fitowa ta fata. Duk na gani, kuma duk na gane.

Ta jawo ni kusa da ita ta ce, “Innata, ba ki zo ba. Me kika gani a jinin nawa?”

Na dubi matan da ke kewaye da mu, na dubi tiren shinkafar da ke hannuna, na ce mata nan hayaniya ta yi yawa, zan zo gida in yi mata bayani a nutse. Ta kalle ni na ɗan lokaci, ta yi murmushi, ta ce to Allah ya kawo ni. Da la'asar ta tafi don kada ta rasa mota. Ganina da ita na ƙarshe ke nan. Ɗakin Mama yana nan taku biyar daga inda muke, babu kowa a ciki. Da na ja ta can, minti biyar ya isa.

Na kare furojet ɗina da kyau. Hoton kwalba mai lamba ɗaya shi ne abin da malamai suka fi tsayawa a kai, na kuwa zuba bayani a kan musayar maiƙo da kwalastarol ba tare da na duba takarda ba. Wani daga cikinsu ya ce ya daɗe bai ga ɗalibar da ta fahimci aikinta haka ba. Na fita da sakamako mai kyau, gida aka yi ta murna. Ba a jima ba aka tura ni bautar ƙasa wata jiha mai nisa, na ce in na dawo hutun farko zan je ruga. Hutun ya zo ya wuce ban je ba.

Ina can wata Laraba da rana Mama ta kira ni. Ta ce Goggo ta sauke ƙwarya a kasuwa ta dafe ƙirji, ta zauna ba ta iya tashi ba. An kawo ta asibiti a Dutse, likitoci sun ce jijiyar zuciya ce ta toshe, ga sukari ya yi mugun hawa. Ta kwana biyu, Allah ya karɓi abinsa. Mama tana ta cewa abin mamaki, mace lafiya lau. Ni kuwa na zauna a bakin gado da waya a hannu.

Sai bayan sadakar bakwai na samu izinin zuwa. Hanyar rugar da na yi wata da watanni ina jin nauyinta, minti arba'in babur ya yi ya kai ni. Na shiga ɗakin babbar 'yar Goggo, wadda nake kira Adda, na yi mata gaisuwa. Ta riƙe hannuna tana ba ni labarin watannin ƙarshe: yawan ƙishi, yawan fita bayan gida, ido ya fara hazo, ƙafafu suna zugi. Ta ce ƙaninta ya yi magana ya fi sau uku a kai ta asibiti, har ya sayar da tunkiya don haka, Goggo ta ƙi.

“Cewa take an riga an auna jininta da na'ura, kuma Innarta ce ta auna,” in ji Adda. “Ta ce da akwai wani abu da tuni kin zo kin faɗa mata. Allah ya saka miki, ƙanwata, ko ba komai ta rasu hankalinta kwance.”

Godiya take yi mini, da zuciya ɗaya. Ban san yadda na fito daga ɗakin ba. Duk tsawon lokacin nan ina ɗauka jinkiri kawai nake yi, abin da zan gyara in na samu sarari. Ashe a can rugar an riga an karɓi amsa daga wurina. Ba ƙin kai ta asibiti kaɗai na yi ba, ni ce na tare hanyar waɗanda suka so su kai ta.

Shekara uku na riƙe maganar ni kaɗai. Na yi ta istigfari, na yi ta sadaka da sunanta, amma in na tuna Adda tana can tana sa mini albarka sai in ji kamar sata nake ci. Bayan na fara aiki, wata Asabar na shirya na tafi. Na same ta tana wanke ƙore a bayan ɗaki, na tsuguna na gaya mata komai: farin ruwan jinin, wasiƙar Malam, ƙaryar da na yi masa, ranar suna. Ba ta katse ni ba, ba ta kuma daina wankin ba sai da na gama. Sannan ta ce kwanan Goggo ne ya ƙare, wannan ba mai ja da shi.

“Amma da kin faɗa,” ta ce. “Ko ni ce da kin faɗa mini.”

Kafin in tafi na roƙe ta abu ɗaya, ta yarda ita da ƙaninta su zo a auna su, tunda Malam ya ce abin yana iya zama gado. Ba ta amsa ba a ranar. Bayan wata biyu sai ga su a asibitinmu. Na ƙaninta lafiya lau. Nata kuwa maiƙon ya hau, kwalastarol mai kyau ya sauka, sukari yana bakin iyaka. Ban bari ta fita ƙofa ba sai da na kai ta gaban likita. Yanzu shekara biyar tana shan magani, tana zuwa awo, jikinta da sauƙi. Tana gaishe ni, tana tambayar yarana, ta ce ta yafe. Na yarda ta yafe. Amma sakewar da muke yi da can ba ta dawo ba, kuma ban ga laifinta ba.

Na taɓa tambayar wani likitan zuciya a wurin aikinmu, ba tare da na ce labarina ba ne, ko mace irin wannan za ta rayu da an fara mata magani da wuri. Ya ce ba wanda zai iya rantsuwa, amma da an ba ta dama mai yawa. Na san ajali ba ya jinkiri, na yi imani da haka. Sai dai ba a kan ajalinta za a tambaye ni ba, a kan abin da na sani na riƙe ne. Malam kuma ya yi ritaya ya koma garinsu, har yau yana zaton na kai takardar. Na sha ɗaukar waya in kira shi, ban yi ba tukuna.

A wurin aiki abokaina suna cewa na cika takura. Sakamako mai hatsari ba ya kwana a teburina. In mai shi bai dawo ba zan kira, in wayar ba ta shiga zan nemi wanda ya rako shi, akwai ranar da na hau adaidaita har Jahun neman wani tsoho. Ba nagarta ce ta sa ni ba, da tsada na sayi darasin. Wanda ya amince da kai ya miƙa maka jikinsa yana jiran magana, ba ya ɗaukar shirunka a matsayin jinkiri. Yana ɗaukarsa a matsayin albishir, ya kwantar da hankalinsa a kai, har ya hana wasu taimakonsa. Don haka in ka san abin da ya shafi ran wani, ka faɗa masa yau, ko da bakinka na rawa, ko da gida cike yake da mutane.